Ruwan sanyaya inji: wanda ya dace da tsohuwar mota da yadda ake kula da shi

 Duk wanda ya bi babbar hanyar da ta taso daga Yamai ta ratsa Doso, Dogon Dutsi, Ƙwanni, Madawa da Maraɗi har Damagaram a watan Afrilu ko Mayu ya saba ganin mota a gefen kwalta, an ɗaga kapo, tururi na tashi, fasinjoji sun fake ƙarƙashin aduwa, yaron mota kuma ya ɗauki bido ya nufi gari neman rijiya. Sau da yawa abin da ya tsayar da motar nan ya faro ne watanni da suka wuce, tun ranar da aka fara ɗura mata ruwan da bai dace ba.

A garuruwanmu da yawa mota ɗaya ce ke kai mutane kasuwa, ita ke ɗauko taki da hatsi, ita kuma ake bugo wa da tsakar dare in mace ta shiga naƙuda mai wuya. Mafi yawan motocin nan tsofaffi ne, sun yi aiki a Turai kafin su sauka a Kwatano ko Lome. In injin irin wannan mota ya ƙone, mai ita na iya shekara bai tara kuɗin wani ba. Shi ya sa muka tattara wannan bayani wuri ɗaya, domin direba da makanike da wanda ke aiko da kuɗin gyara su riƙa komawa gare shi.

Aikin ruwa a cikin inji

Man da inji ke ƙonawa, esans ne ko gazuwal, ba duka ke zama ƙarfin tura mota ba. Wajen kashi ɗaya cikin uku na zafinsa yana fita ta salansa, wani kashi ɗaya cikin uku kuma ruwa ne ke kwashe shi. Famfon ruwa yana tura ruwan ya zagaya cikin hanyoyin da ke jikin inji da kansa, ya ɗauko zafi, ya kai shi lagireto, wanda a garaji ake ce wa radiyater. A can ruwan ke bi ta ƙananan bututu masu yawa, iskar tafiya da ta fanka su huce shi, ya koma ya sake ɗauko wani zafin.

Inji yana son ya yi aiki da ɗumi, tsakanin digiri 85 zuwa ɗan sama da 100. Ruwa zalla a tukunya yana tafasa a digiri 100. To, yaya ke nan ba ya tafasa a mota? Sirrin yana murfin lagireto. Murfin yana riƙe matsi, kuma duk ruwan da ke cikin matsi ba ya saurin tafasa. Da murfi mai riƙe ba 1, ruwa zalla sai ya kai wajen digiri 120 kafin ya tafasa. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Me ya sa ruwan rijiya ba ya isa?

Za ku ji direba na cewa, ai mu nan ba a ƙanƙara, me zan yi da ruwan Turawa? Rabin maganarsa gaskiya ce. A kudancin ƙasar nan ruwa ba ya daskarewa, sai dai a tsaunukan Ayar da wajen Bilma inda sanyin dare a watan Janairu kan sauka kusa da sifili. Gaskiya ne kuma ruwa zalla yana ɗaukar zafi sosai. Matsalarsa ita ce abin da yake yi wa ƙarfe a hankali.

Ku duba cikin butar shayin da aka daɗe ana dafa ruwa a cikinta. Farin ɓawon nan da ya kama gindinta, shi ke kama cikin inji. Ruwan rijiya da na foraj suna ɗauke da farar ƙasa da gishiri, wasu ma har da kanwa. Kullum ruwan ya ragu aka ƙara wani, an ƙara wa ɓawon kauri ke nan. Ɓawon yana hana zafi fita daga ƙarfe zuwa ruwa, yana kuma toshe bututun lagireto, waɗanda wasunsu da ƙyar tsinke zai shiga.

Sai tsatsa. A cikin inji ɗaya akwai baƙin ƙarfe, da alminiyon, wani lokaci da tagulla da dalma. In ƙarafa daban-daban suka haɗu cikin ruwa mai gishiri da zafi, ɗaya yana cin ɗaya. Shi ya sa in aka buɗe lagireton da ya shekara yana shan ruwan rijiya, za a ga ruwan ya koma ja kamar jar ƙasa. Tsatsar nan tana cinye fikafikan famfon ruwa har ya zamana yana juyawa amma ba ya tura komai, tana kuma huda ƙananan faya-fayen ƙarfe da ke toshe ramukan jikin inji.

Ruwan leda da ake sayarwa a tasha ya fi na rijiya tsabta wajen sha, amma shi ma yana da gishirinsa, kuma babu maganin tsatsa a cikinsa.

Mene ne a cikin bidon?

Ruwan sanyaya inji, wanda makanikai da yawa ke kira glasiyol daga sunan samfurin Glacéol, haɗin abu uku ne. Akwai tataccen ruwa marar gishiri. Akwai sinadarin da ake kira etilen gilikol, mai hana daskarewa da saurin tafasa. Sai kuma magungunan hana tsatsa, waɗanda su ne kaɗan a cikin bidon amma su ne suka fi yi mana amfani a nan.

In aka haɗa rabi gilikol rabi ruwa, haɗin ba ya daskarewa sai wajen digiri 37 ƙasa da sifili, ba ya tafasa sai wajen digiri 107. In aka ƙara da matsin murfi mai kyau, ya wuce 125. Wannan ratar ce ke ceton inji lokacin da mota ta yi lodi tana hawan tudu da rana tsaka a bazara, zafin gari ya haura digiri 40.

Gilikol ba ya lalacewa da wuri. Magungunan tsatsar ne ke ƙarewa, kuma in sun ƙare ruwan yana tsami ya fara cin ƙarfe. Wannan shi ne dalilin da ya sa ake canza glasiyol ko da launinsa bai gushe ba.

Launi ba shaida ba ne

A kasuwa za ku ga kore, ja, shuɗi, ɗorawa, da mai ruwan hoda. Launin rini ne kawai da kamfani ya zuba, babu wata doka da ta tilasta kowane iri ya zo da launi kaza. Kore biyu na iya zama iri daban, ja da ɗorawa kuma na iya zama iri ɗaya. Abin dubawa shi ne irin maganin tsatsar da ke ciki, kuma manyan iri uku ne.

Na farko shi ne na da, wanda a jikin bido ake rubuta IAT ko minéral. Yana shafa wa ƙarfe kariya da sauri, ya kuma dace da lagireton tagulla mai haɗin dalma. Kariyarsa ba ta daɗewa, ana canza shi duk shekara 2, ko bayan kilomita 40,000 zuwa 50,000.

Na biyu shi ne OAT ko organique. An yi shi don injuna da lagireto na alminiyon, yana iya kai shekara 5. Ba shi ne ya fi dacewa da tsohon lagireton tagulla ba.

Na uku shi ne haɗin biyun, HOAT ko hybride, shi ma yana daɗewa.

Akwai kuma bambanci tsakanin kamfanoni. Na Japan, irin su Toyota da Nissan da Honda, sun fi amfani da fosfat suna guje wa silikat. Na Turai kuma suna guje wa fosfat, saboda in ya haɗu da ruwa mai farar ƙasa yana yin laka. Wannan darasi ne gare mu: in aka tsinka glasiyol mai fosfat da ruwan rijiya, an ɓata shi tun kafin ya fara aiki.

Wanne za a zuba wa wace mota?

Hukunci na farko na littafin mota ne, in yana nan. In babu shi, a duba jikin robar ajiyar ruwa ko ƙarƙashin kapo, wani lokaci akwai rubutu.

Tsofaffin motoci masu lagireton tagulla, kamar Peugeot 504 da Land Cruiser na da, sun fi zama lafiya da irin na da, a riƙa canzawa duk shekara 2. Mai facin lagireto zai gaya muku nan take ko naku tagulla ne ko alminiyon ne mai kan roba.

Toyota tana da nata iri biyu. Ja, mai suna Long Life Coolant, shi ne na motocin da suka ɗan kwana biyu, ana tsinka shi da ruwa. Mai ruwan hoda, Super Long Life Coolant, ya zo a haɗe, ba a ƙara masa ruwa. A sabuwar mota kamfanin ya ba shi kilomita 160,000 kafin canjin farko, daga nan kuma duk kilomita 80,000. Wannan lissafi na injin da bai taɓa shan ruwan rijiya ba ne. Motar da ta riga ta yi tsatsa ba za ta kai haka ba.

Motocin Volkswagen da Audi suna bin lamba: G11 ga na da, sai G12 da ƴan uwansa har G13. Renault da yawa suna neman wanda aka rubuta type D. A nemi wannan rubutu a jikin bido, kada a tsaya ga launi.

In ba ku san abin da ke cikin motar ba, kamar yadda yake ga mafi yawan motocin da aka saya hannu na biyu, hanya mafi sauƙi ita ce a zubar da na ciki, a wanke, a zuba iri ɗaya da aka sani, a rubuta sunansa da kwanan wata a ajiye cikin takardun mota. Gauraya iri biyu yana rage ƙarfin kariyar, wani lokaci har ya yi kauri kamar kunu ya toshe lagireto.

Karanta bido kafin a biya

Kalmomi biyu na Faransanci sun isa a riƙe. In an rubuta liquide de refroidissement tare da prêt à l'emploi, an riga an haɗa, a zuba haka nan. In an rubuta antigel ko concentré, mai kauri ne, sai an tsinka shi. Lambar da ke gaba, kamar -25 ko -35, tana nuna yawan gilikol: na -35 kusan rabi da rabi ne, na -25 ya ɗan fi ruwa.

Wajen tsinkawa, kada gilikol ya gaza kashi ɗaya cikin uku, domin maganin tsatsa zai yi kaɗan. Kada kuma ya wuce kashi 60 cikin 100. Wasu na zuba mai kaurin zalla suna ganin sun yi wa mota gata, alhali gilikol zalla ba ya ɗaukar zafi kamar ruwa, injin ƙara zafi zai yi. Rabi da rabi shi ne ma'aunin da ba ya ɓata.

Ruwan tsinkawa shi ne tataccen ruwa, wanda ake rubuta wa eau déminéralisée ko eau distillée, irin wanda ake ƙara wa batir. A yi hattara sosai a nan: masu batir suna sayar da ruwan asid ma, kuma a ido kamarsu ɗaya. In asid ya shiga lagireto ya gama da shi. In ba a samu tataccen ba, ruwan sama da aka tara a mazubi mai tsabta bayan ruwan farko ya wanke kwano, aka tace shi da ƙyalle, ya fi na rijiya nesa ba kusa ba.

Akwai jabu, ruwa ne da rini kawai. A sayi bido mai hatimi a murfi, mai sunan kamfani da bayanin irin da ke ciki. Na gaske yana da ɗan santsi in aka murza tsakanin yatsu, a wanke hannu bayan nan. Garajin da ke da ɗan abin auna nauyin glasiyol zai iya gwada muku. Kada a taɓa gwadawa da harshe. In kuma kuɗin ya yi sauƙin da ya ba ku mamaki, ku tuna araha ba ta ado.

Yadda ake canzawa

Ana yin aikin ne da inji a sanyaye, gara da safe. A sa roba a ƙasa, a buɗe magudanar lagireto ko a cire tiyon ƙasa, ruwan ya tsiyaye. A rufe, a cika da ruwa mai tsabta, a juya maɓallin ɗumama cikin mota zuwa zafi, a tada inji har ya yi ɗumi. A kashe, a jira ya huce, a sake zubarwa. A maimaita har ruwan ya fito garau. In lagireton ya toshe da yawa, a cire shi a kai wa masu wanke shi.

Ƙaramar mota irin Corolla ko Starlet tana shan lita 5 zuwa 6, manya irin Land Cruiser kuma lita 10 ko fiye. Da yake wani ruwan wankin yana saura cikin inji, in mai kauri kuka saya ku fara zuba rabin abin da motar ke sha na mai kaurin, sannan ku cike da tataccen ruwa.

Sai fitar da iska. Iskar da ta maƙale a kan inji tana hana ruwa taɓa wurin, wurin ya yi ta ƙuna. Peugeot da Renault da yawa suna da ƙananan kusoshin fitar da iska, ana buɗe su har ruwa ya fito babu kumfa. A bar injin ya yi aiki har fanka ta tashi, washegari da safe a sake duba ma'auni a cike abin da ya ragu.

Wani abu da ya kamata mu faɗa tun yanzu. Motar da ta shekara da shekaru tana shan ruwan rijiya, in aka wanke ta aka zuba glasiyol, wani lokaci sai ta fara yoyo. Sai a ce glasiyol ya huda ta. Ramin dama yana nan, tsatsa ce ta toshe shi. Gara ya bayyana a garaji da ya bayyana tsakanin Tanut da Agadas.

Sauran kayan da ke tafiya tare

Murfin lagireto. A jikinsa akwai lamba, kamar 0.9 ko 1.1. In robarsa ta tsage ko sifirin ya saki, ba ya riƙe matsi, ruwa sai ya tafasa da wuri ya riƙa zuba. Yana cikin kayan mota mafi araha, kuma yana cikin waɗanda suka fi jawo zafi. A sayi mai lamba ɗaya da na asali. Toshe bakin lagireto da leda ko tsumma ba murfi ba ne.

Termosta. Ƴar ƙofa ce da ke rufe hanyar lagireto in inji na da sanyi, ta buɗe in ya kai wajen digiri 82 zuwa 88. Al'ada ce a garajojinmu a cire ta da zarar mota ta shigo ƙasa, wai ta ƙasar sanyi ce. In an cire, injin yana daɗewa bai yi ɗumi ba, musamman da safiyar hunturu, sai ya ƙara shan mai ya kuma ƙara saurin cinyewa. A wasu injunan ma termosta ce ke rufe wata gajeriyar hanya, in babu ita wani ruwan sai ya riƙa zagayawa bai je lagireto ba. In ta maƙale a rufe, a sa sabuwa. Gwajinta mai sauƙi ne: a jefa ta cikin tafasasshen ruwa, in ta buɗe lafiyarta lau.

Fanka. In ta lantarki ce, ya kamata ta tashi da kanta in mota na tsaye inji ya yi zafi. Motar da ke zafi a cunkoson gari amma ta huce a kan hanya, fanka za a fara tuhuma. Wadda ke zafi a kan hanya da gudu ko a tudu, a duba toshewar lagireto da famfon ruwa.

Tiyo da bel. A matsa tiyo da hannu in inji ya huce. In ya yi tauri kamar itace, ko ya yi laushi ya kumbura, lokacinsa ya yi. Bel mai tsattsagewa ko mai kuka a canza shi. A injunan da belin cikin inji ke juya famfon ruwa, gara a canza su tare.

Fuskar lagireto. Ƙurar hunturu, ƙaiƙayi da fara lokacin kaka, da ledoji, duk suna toshe ta. A wanke daga baya zuwa gaba da ruwa marar ƙarfi, kada a lanƙwasa siraran fikafikan.

Baƙin mai. Shi ma yana kwashe wani zafin. Ga tsohuwar mota mai aiki cikin ƙura da lodi, vidanj duk kilomita 5,000 tare da filtar mai shi ne abin da ya fi kwanciyar hankali. A riƙa kakkaɓe filtar iska, in ta toshe a canza.

Abin da za a riƙa dubawa

Kowace safiya kafin a tada inji, ga motar haya: ruwa ya kasance tsakanin layin MIN da MAX a robar ajiya, a duba sandar baƙin mai, a leƙa ƙarƙashin mota ko akwai ɗigo.

Kowane mako: tiyo, bel, fuskar lagireto, da tashin fanka.

Kafin bazara, wato cikin Fabrairu ko farkon Maris: a duba murfi da termosta da launin ruwa. In ya yi ja ko ya yi dauɗa, a canza ko lokacinsa bai yi ba.

Motar da ke lafiya ba ta shan ruwa. In kullum sai an ƙara, akwai inda yake fita. In ba a ga ɗigo ba, a duba alamu huɗu: farin hayaƙi mai yawa a salansa bayan inji ya yi ɗumi, baƙin mai ya koma kamar shayi da madara, kumfa na tasowa a bakin lagireto, ko tiyo ya yi tauri jim kaɗan da tada inji. Waɗannan alamun ƙonewar juwan kilas ne, shimfiɗar da ke tsakanin kan inji da jikinsa. A tsayar da motar a gyara, kafin kan injin ya lanƙwashe.

In allura ta hau a hanya

A kashe na'urar sanyaya ɗaki, a kunna ta ɗumamawa har ƙarshe in tana aiki, domin tana janye wani zafin. A sauka gefen hanya. In tururi na fita ko ruwa na zuba, a kashe inji nan take. Kada a ce bari mu ƙarasa gari na gaba, kilomita kaɗan babu ruwa sun isa su ƙone inji. In ruwan ya tsiyaye gaba ɗaya ma allurar na iya sauka, direba ya ɗauka an samu sauƙi, alhali babu ruwan da za ta auna ne.

Kada a buɗe murfi da zafi. Ruwan da ya wuce digiri 100 in aka sake masa matsi, feshowa yake yi a fuska da ƙirji. A jira aƙalla minti 30, a sa tsumma mai kauri, a juya murfin kaɗan iska ta fita, sannan a buɗe. Wannan aiki ba na yaron mota ba ne shi kaɗai, direba ya tsaya a kai.

Kada a kwara ruwan sanyi a kan inji mai zafi, ƙarfen na iya tsagewa. In ya huce, a ƙara ruwa a hankali. A irin wannan hali kowane ruwa mai tsabta ya fi babu, amma in an isa gida a gyara yoyon, a wanke, a mayar da glasiyol.

Garin taba, ƙwai ko barkono da wasu ke zubawa don toshe yoyo suna iya kai mota gari, amma ba sa bambanta rami da bututu, duka suke toshewa. Wanda dole ta sa ya yi haka, ya kai lagireton wanki da faci da zarar ya sauka.

Glasiyol guba ne

Wannan na kowa ne, har wanda ba shi da mota. Etilen gilikol yana da zaƙi da launi mai jan ido, kuma kaɗan ya isa ya kashe yaro, akuya ko kare. Kada a zubar da tsohon ruwan a tsakar gida, kusa da rijiya ko inda dabbobi ke sha. Kada a zuba shi a gorar lemo. Bidon da ya taɓa ɗaukarsa kada ya koma na ruwan sha, nono ko man girki, ko an wanke shi. A huda shi.

In wani ya sha, da farko zai yi kamar mai maye, daga baya ya yi kamar ya warware, alhali ƙodarsa ce ke lalacewa cikin kwana ɗaya zuwa uku. Kada a jira alama, kada a sa shi amai. A kai shi likita nan take, a tafi da bidon domin ma'aikatan lafiya su ga abin da ya sha.

Ga ƴan uwa da ke waje

Ku da kuke sayo mota ku aiko gida, ku tambayi mai sayarwa irin glasiyol ɗin da ke ciki da lokacin da aka canza shi, ku bar littafin mota da takardun gyara a cikinta. Ku gaya wa wanda zai karɓa kada a cire termosta, kada kuma a fara ƙara mata ruwan rijiya. In kuna aiko da kuɗin gyara, ku ware na glasiyol da murfi da tiyo tun kafin bazara, ku ce a turo muku hoton bidon da aka saya da na ruwan da aka zubar. Wannan ba rashin yarda ba ne, gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Mu kuma da ke gida, gobe da safe kafin a murza makulli, a ɗaga kapo a duba launin ruwan da ke cikin robar nan. In ja ne kamar jar ƙasa, a shirya zuwa garaji cikin makon nan, kafin ranar kasuwa ta zagayo. Masu tambaya a kan motarsu su aiko mana da irin motar da shekararta da abin da take yi, za mu duba su tare da makanikai a shiri na gaba.